Icen da za a dasa a Agusta, tun Maris ake zaɓensa

Duk wanda ya leƙa wurin masu renon itatuwa a garin Tawa cikin watan Yuli ya san abin da zai tarar: layi-layi na baƙaƙen ledoji, mafi yawansu dogon yaro, sai turare, sai ƴan mangwaro da lemu, sai itatuwan ƙawa waɗanda aka kawo irinsu daga nesa. Ka tambayi aduwa ko danya ko kanya, mai wurin zai ce maka ba a nema, shi ya sa bai shuka ba. Yana da gaskiyarsa. Shi ma abinci yake nema, ba zai yi wata huɗu yana ban ruwa ga abin da ba mai saye ba. To idan 3 ga Agusta ta zo, ranar da tun 1975 Nijar ta haɗa bikin ƴancin kai da dashen itace, abin da ke cikin ledar shi ake ɗauka a kai makarantu da asibitoci da bakin titi. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar cewa dogon yaro ya fi. Shi aka tarar, shi aka dasa.

Ra'ayina shi ne a juya lamarin. Icen da ya kamata ya zama na farko a gidajenmu da filayen makarantu da bakin tabkuna shi ne icen da ƙasar nan ta saba da shi, baƙo kuwa a ba shi wurin da ya dace da shi kaɗai. Kuma wannan shawara ba a ranar biki ake yanke ta ba. Cikin Maris ake yanke ta, lokacin da ake cika ledoji.

Kada a ce an yi wa dogon yaro butulci. Daga yankin Indiya ya fito, amma ya yi mana aiki. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara jera shi layi bibbiyu don ya tare iskar da ke kwashe ƙasar gona tana binne shuka, kuma manoman wurin sun ga amfaninsa. Zoben itatuwan da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965 ma galibinsa dogon yaro ne. Yana saurin tashi, awaki ba su cika damunsa ba saboda ɗacin ganyensa, cikin Afrilu da rana ke dukan ƙwaƙwalwa yana nan da inuwarsa. Turare kuma, wanda asalinsa Ostareliya ne, yana ba da azara miƙaƙƙiya. Sai dai mutum ya tsaya ya duba ƙarƙashinsu. Gindin turare fayau yake, ciyawa ba ta son wurin, kuma in aka dasa shi kusa da lambu zai raba ruwa da albasa, shi ne kuma zai ci riba. Dogon yaro saiwarsa na bazuwa a sama-sama, hatsin da ke kusa da shi yakan tsumbure, ba ya ba dabba harawar kirki, ba ya ba yaro abin tsotsa. Akwai kuma haɗarin tara gari guda a kan ice iri ɗaya. A farkon shekarun 1990 an ga dogon yaro yana ta kaɗe ganye yana bushewa daga sama a sassan ƙasar nan, hankalin ƴan gandun daji ya tashi, domin a wasu garuruwa in ya tafi babu wata inuwa da ta rage.

Wanda ya fi zama darasi shi ne prosopis, ƙayar nan da aka kawo daga nahiyar Amurka don tsayar da rairayi. Dabbobi na cin ƴaƴansa suna watsa irin a kashinsu, yau ga shi ya cushe fadamu da bakin tabkuna har ba a iya ratsawa. Kada a haɗa shi da ƙirya, wadda ƴar gida ce, maƙera sun san gawayinta, masu sassaƙa sun san turminta.

Amma cewa "icen gida" kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne masu kishin abin suke yin kuskure. Tawa na samun ruwan sama wajen milimita 350 zuwa 400 a shekara, Yamai na samun sama da 500, Gaya ta fi su duka nesa ba kusa ba. Ɗorawa da kaɗanya na Nijar ne, amma na Gaya ne, wanda ya kai su tudun Keita ya yi asarar kuɗinsa. Maɗaci, wanda ya ƙawata tsofaffin titunan Yamai, a Adar, wato ƙasar Tawa, sai a fadama ko inda ruwan rijiya ke kusa. Ko a cikin gari ɗaya ma ƙasa ta bambanta, don haka kafin a tambayi wane ice, a tambayi wace ƙasa.

Jigawa mai zurfin rairayi ta gawo ce. Halinsa sananne ne: yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Hatsi na samun rana a ƙarƙashinsa lokacin da yake bukata, ganyen da ya zuba ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani suna cin ƴaƴansa su bar kashi a wurin. Manomi ba ya bukatar a gaya masa cewa zangarniyar gindin gawo ta fi kauri. A gona ana fara shi da tazarar mita 10, in sun girma a rage. A cikin gari kuwa, filin makaranta da filin idi da bakin kasuwar dabbobi sun fi dacewa da shi fiye da tsakar gida, saboda faɗinsa da ƙayarsa. Fako mai tauri da gangaren dutse, irin wanda ya cika Adar, na dakwara ne mai ba da ƙaro, da kandili, da jiga, da anza, da aduwa. Laka da bakin tabki na bagaruwa ne, wadda ke jure tsayuwar ruwa wata da watanni, kuma majema ba su da abin da ya kai ƴaƴanta wajen jima. Bakin korama na kanya ne da ɓaure da marke. Sabara da geza da kalgo ba a cika lissafa su cikin itatuwa ba saboda ƙanƙantarsu, alhali su ne ke riƙe ƙasar gona, su ne maganin gida, su ne makamashin da ke kusa.

Tsakar gida kuwa, in fili ne na mita 20 da 20 irin na unguwannin yanzu, shawarata ba ta wuce ice biyu ko uku. Magarya ɗaya a kusurwa, kurna ko tsamiya don inuwa, sai dirga in ana son shinge mai kyan gani, ganyenta ƙanana kamar kofaton akuya. Tsamiya tana da jinkiri, wanda ya dasa ta ya yi haƙuri shekaru, amma inuwarta ba ta da na biyu kuma ba ta cika yin tsirara da rani ba. Ceɗiya da durumi da gamji suna da sauƙin dashe, reshe mai kaurin hannu aka kafa da damina yakan kama, amma saiwarsu na bin danshi duk inda yake. A nisanta su daga salga da ramin wanka da gindin katanga da aƙalla mita 10, in ba haka ba wata rana za a ga bango ya tsage daga ƙasa. Ƙofar masallaci da dandalin unguwa sun fi dacewa da su.

Kuka kuma ba dole sai an bar ta ta zama dodo a tsakar gida ba. Ana iya yin ta kamar lambu: fangali mai faɗin mita ɗaya, a shuka iri da tazarar taƙi guda, a riƙa ban ruwa kamar na zogale, cikin ƴan watanni a fara tsinkar ɗanyen ganye, a riƙa datse kanta kada ta wuce ƙugu. Uwargida ta samu miyar kuka ɗanya cikin rani, manyan kukokin daji kuma su huta da sassaka da yankan reshe da ke hana su yin ƴaƴa. Haka magarya: a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an yaɗa dabarar aura reshen magaryar Indiya mai manyan ƴaƴa a kan gindin magaryar gida, abin da ake kira tuffar Sahel. Gindin na gida ne, shi ke jure fari. Ana yin auren idan gindin ya kai kaurin fensir. Abin da ke lalata aikin shi ne barin tohon da ke fitowa ƙasa da wurin auren, domin shi zai janye ƙarfin icen duka, reshen da aka aura ya mutu, mai gida ya koma cin ƙananan magarya yana cewa an cuce shi. A riƙa cire su da zarar sun fito, kuma kowace shekara bayan an gama cin ƴaƴa, wajen Afrilu zuwa Mayu, a datse rassan sosai, tunda a kan sabon toho take yin fure.

Yanzu ga dalilin da ya sa masu reno ke gudun itatuwan gida, ban da rashin kasuwa. Irinsu na da taurin kai. Ƙwayar dogon yaro sabuwa, ka jefa a leda ka ba ta ruwa, ta fito. Ƙwayar gawo ko bagaruwa ko kuka kuwa tana da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya shiga, an halicce ta don ta bi ta cikin dabba ko ta yi shekara a rairayi kafin ta tsaga. Wanda bai sani ba zai shuka ɗari, ashirin su fito, ya ce irin ba shi da kyau. Maganin ba shi da tsada. Ga gawo da dakwara, a tafasa ruwa, a sauke, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana ya wuni, kashegari a zaɓi waɗanda suka kumbura a shuka nan take, waɗanda ba su kumbura ba a maimaita musu. In irin kaɗan ne, a ɗan ɓantare gefen ɓawon da abin yankan farce, nesa da idon ƙwayar. Bagaruwa ta fi tauri, shi ya sa irin da aka tsinto a turken awaki ya fi saurin fitowa. Kuka na son jiƙo na kwana biyu bayan ruwan zafi, ko a goga gefenta a kan dutse. Magarya a fasa ƙwallon a hankali a ciro ƙwayar ciki. Tsamiya jiƙon kwana ɗaya ya ishe ta. Anza da maɗaci su kuma akasin haka ne, irinsu ba ya ajiyuwa, in aka bar shi ya yi watanni a kwalba ya mutu, don haka sabo ake shukawa. Kuma a duba irin gawo da kyau kafin a adana, duk ƙwayar da ke da ɗan rami ƙwaro ya riga ya cinye cikinta.

Ƙasar leda: kashi biyu rairayi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe. Ɗanyen taki na ƙona tsiro kuma yana kiran gara. A huda ledar a ƙasa da gefe. Ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin bai wuce gaɓar yatsa ba, in duka sun fito a cire mai rauni. Ban ruwa safe da yamma, rumfar zana a makonnin farko, daga baya a janye ta don su saba da rana, a kuma rage ruwa mako biyu kafin dashe.

Babbar matsalar ita ce saiwa. Icen Sahel ƙasa yake fara tafiya kafin sama. Ka ɗauki gawo ɗan wata biyar wanda tsawonsa bai wuce taƙi biyu ba, ka yage ledar, za ka ga farar saiwa ta kai gindi ta rasa hanya, ta naɗe kamar gammo, zagaye uku ko huɗu. In aka dasa shi haka ba ya warwarewa. Zai yi shekara uku yana nan kamar jiya aka sa shi, rani mai tsanani ya zo ya tafi da shi, a ce ai gawo ba ya dasuwa. Don haka kada ya wuce wata uku zuwa huɗu a leda, wato a shuka cikin Afrilu don dashen Yuli. Kowane mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, a yanke saiwar da ta huda ta shiga ƙasa. Ranar dashe a yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi, kaurin yatsa biyu, har da naɗaɗɗiyar saiwar, sannan a tsaga gefe a zare ledar ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Sau da yawa in aka tona gindin mataccen dashe, ledar ce ake tararwa yadda take, an binne shi da rigarsa. Aduwa da goriba kuwa sun fi son a shuka su kai tsaye a inda za su zauna: a cire naman aduwar, a jiƙa ƙwallon kwana ɗaya, a sa biyu ko uku a rami da farkon damina. Goriba ma kada a wahalar da ita a leda ko kaɗan.

Ramin dashe santimita 40 zuwa 50 ta kowace fuska, a haƙa shi tun kafin ruwa ya sauka, a ware ƙasar sama a gauraya ta da taki, ita za a fara mayarwa. Wuyan icen ya zauna daidai da yadda yake a leda, a taka ƙasar da ƙafa, a bar ɗan kwari a kewaye. A fako rami kaɗai ba ya wadatarwa, sai an tara masa ruwa. Wannan kuwa ba sabon ilimi ba ne a Adar. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, ya cika gangaren duwatsu da ramuka masu tsawon mita uku da ke tare ruwan da ke gangarowa, kuma manoman Illela da Badagishiri sun mayar da fako gona da tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, da rabin wata, wato rami mai tudu a lanƙwashe kamar jinjirin wata. A rabin wata, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, icen kuma kada a sa shi a tsakiyar inda ruwa ke kwanciya, a ɗan matsar da shi kusa da tudun, in ba bagaruwa ba ce.

Sai maganar lokaci, wadda na san ba kowa zai so ta ba. A Tawa ruwa yakan ɗauke cikin Satumba. Icen da aka dasa 3 ga Agusta yana da makonni shida ko bakwai kacal ya kafa saiwa, in kuma aka jinkirta rabon ledoji zuwa tsakiyar wata, an gama da shi. A yi bikin ranar, wannan daidai ne, amma babban dashe a yi shi cikin Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi da ya jiƙa ƙasa har zurfin hannu, da yamma ko da sassafe. Ranar 3 ga Agusta kuma ta zama ranar da magajin gari da ƴan gandun daji za su zagaya su ƙirga na bara nawa suka rayu. Adadin da aka dasa ba ya nuna kome. Adadin da ya ga damina ta biyu shi ne aikin.

Ga wata gaskiya da ba ta da daɗi: icen gida ya fi dogon yaro bukatar tsaro, don kuwa duk abin da ya sa muke son sa shi ya sa akuya ke son sa. Gawo da jiga da danya abinci ne a wurinta. Kariya ta kai mita ɗaya da rabi, ta kuma yi shekara uku a tsaye, ko ta tubali da aka jera da ƴan tagogi don iska, ko ta waya, ko ta ƙayar magarya da aka ɗaure da turaku huɗu. Tubalin da aka rufe ruf yana dafa tsiron cikin Afrilu. A ranin farko, lita 10 sau biyu a mako ta fi ɗan yayyafi kullum, domin yayyafi na koya wa saiwa zama a sama. Wanda ba ya samun zuwa kullum ya binne tulu marar shafe kusa da gindin, ya cika shi, ya rufe bakin, ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali. Toka a kewayen gindi na rage gara. Daga rani na biyu, aduwa da magarya da dakwara ba sa neman kowa.

A gonaki da makiyaya kuwa, sau da yawa dashen ma ba shi ne hanya ba. Sassabin zamani, wato renon tohon kututture maimakon sassabe shi, wanda ya samo tushe a jihar Maradi a farkon shekarun 1980, ya maido da itatuwa a kan kadada wajen miliyan 5 a ƙasar nan, kuma ba da leda aka yi ba. Kututturen sabara ko kalgo ko gawo da ake sassabewa kowace shekara yana da tsohuwar saiwa mai zurfi a raye. A zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da lauje ko adda mai kaifi, yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɓare, a share ƙananan rassa zuwa rabin tsawon, a ɗaura ƙyalle don kowa ya san da mai shi, a dawo bayan ƴan watanni. Abin da ya daɗe yana hana mutane shi ne tsoron tara, har manomi kan tumɓuke ɗan gawo tun yana ƙarami don kada gobe ya zame masa shari'a da gandun daji. Dokar daji ta 2004 da dokar da aka fitar a 2020 kan sassabin zamani sun buɗe hanyar a san icen da manomi ya rena a gonarsa yana da haƙƙi a kansa, amma sai an kai wannan bayani har fadar mai gari, da Hausa da Tamajaƙ da Fulatanci, kafin tsoron ya fita.

Ba mu kaɗai ke cin moriyar ba. Tabkin Tabalak da ke kan hanyar Abalak da na Dan Dutsi suna karɓar tsuntsaye masu zuwa daga Turai kowace shekara, kuma masu binciken tsuntsaye a Sahel sun lura cewa ƙananan tsuntsayen nan masu cin ƙwari a kan gawo da aduwa da sauran itatuwa masu ƙaya suke taruwa, dogon yaro da turare kusan wayam suke. Gawo na fure da farkon rani, lokacin da ƙudan zuma ba su da wani abin kirki. Shamuwa da ke zuwa gabanin damina dogon ice take nema ta yi sheƙa. Raƙuman dawan Kure, waɗanda suka ragu zuwa wajen 50 a tsakiyar shekarun 1990 kafin su farfaɗo, ganyen gawo da na sauran itatuwan dajin wurin suke ci. Anza kuma, wadda dilonta, wato ƙwayar ƴaƴanta, ya riƙe mutane a shekarun yunwa bayan an jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, tana nan kore cikin fari a wurin da ba abin da ke tsayawa.

Abin da ya rage shi ne oda. Ma'aikatar magajin gari da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin da ke sayen dubban ledoji kowace shekara su ne kasuwar, abin da suka nema shi za a shuka. Su je wurin masu reno cikin Fabrairu ko Maris, su faɗi iri da adadi da wurin da za a dasa, su ba da kafin alƙalami, kuma cikin kuɗin kowane ice a lissafa kariyarsa da ruwan ranin farko, ko da hakan zai sa a sayi ɗari maimakon dubu. Tattara iri ma yana da lokacinsa: magarya da aduwa da sanyi, gawo da bagaruwa da kuka cikin rani, anza gab da damina. A ɗebo daga iyaye masu lafiya, aƙalla goma zuwa ashirin da ke nesa da juna, ba daga ice ɗaya na bakin hanya ba, a shanya a inuwa, a zuba toka, a rubuta sunan wurin da watan a jikin kwalbar.